Tsakuwar Ƙoda: Abin da Ke Kawo Ta, da Yadda Manomi Zai Tsare Kansa

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a ƙasar Boɗinga da Shagari, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu dubi jikin mai noman kansa. Akwai wani ciwo da ke kama ƙarfafan mutane, galibi maza masu shekara 30 zuwa 60, watau waɗanda gida ke dogara gare su. Mutum yana cikin aikinsa lafiya lau, sai ya ji kamar an soka masa mashi a kwiɓi. Ya tsuguna, ya miƙe, ya kwanta, ya yi birgima, babu inda ya sami sauƙi. Wani har da amai. Wannan shi ne ciwon tsakuwar ƙoda. Matan da suka haihu, suka kuma yi wannan ciwo, da yawansu sukan ce bai gaza naƙuda ba.

Idan ya kama mutum a lokacin noman fari, ku da kanku kun san hasarar. Mako biyu a kwance, ciyawa ta cinye gero, ga kuɗin asibiti, ga bashin taki na ƙungiya yana jiran kaka. Har wa yau, wanda ya taɓa yi bai rabu da shi ke nan ba. Likitoci sun lura wajen rabin waɗanda suka yi tsakuwa sau ɗaya sukan sake yi kafin shekara 10. Abin da ya sa na ga ya dace mu yi maganarsa shi ne, mafi yawan rigakafinsa yana hannunmu, ba ya kuwa cin kuɗi.

Yadda tsakuwa ke haɗuwa

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, kowace kamar girman dunƙulen hannunsa, suna can ta baya, a ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu tace jini ne, dare da rana. A kwana guda sukan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, watau fiye da jarka bakwai irin mai cin lita 25. Kusan dukan ruwan nan sukan mayar wa jiki, su bar abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba, tare da dattin da jiki ba ya bukata. Shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke gangarar da fitsarin zuwa mafitsara.

Dattin nan kuwa, yawancinsa ire-iren gishiri ne da suka narke cikin ruwa. Masu lambu sun san abin da ke faruwa a kwamin albasa in ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, rana kuma tana shanyewa: sai ka ga wani farin abu ya fito a kan ƙasa, yana ƙyalli. Ba wanda ya zuba shi. Da ma yana cikin ruwan, ruwa ya tafi ya bar shi. Haka abin yake cikin ƙoda. Idan ruwan fitsari ya yi kaɗan, gishirin kuwa ya yi yawa, sai ya fara daskarewa kamar ƙwayar rairayi. Wata ƙwaya ta manne da wata, wata-wata, shekara-shekara, har ta kai ƙwayar dawa, ko wake, wata ma har ta cika cikin ƙodar.

Muddin tana kwance cikin ƙoda, mai ita ba lalle ya san da ita ba. Ranar da ta motsa ta shiga siririn bututun nan ta toshe shi, fitsari ya taru a baya, ƙoda ta kumbura, ranar ce mutum zai yi birgima.

Tsakuwar ba iri ɗaya ba ce. Cikin goma, wajen takwas na sinadarin kalsiyam ne, watau abin nan mai kama da alli da ke gina ƙashi da haƙori, wanda ya haɗu da wani sinadari da ake kira oksalet, da ake samu cikin waɗansu ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Akwai wadda ke fitowa daga yurik asid, abin da jiki ke fitarwa bayan ya narkar da nama. Akwai kuma wadda ƙwayoyin cuta ke haddasawa in sun daɗe cikin hanyar fitsari, ita ce ta fi kama mata. Waɗansu gidaje kuma abin na gado ne. In mahaifinka ko wanka ya yi, sai ka ƙara lura.

Zafin ƙasarmu

A nan ne maganar ta zo gida. Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40 sau da yawa, lokacin nan ne kuwa muke sharar gona, muna kai taki, masu lambu suna ƙarasa kwasar albasa. Ruwan sama ya sauka, ga noma da gumi cikin zafi mai ɗanɗano. Kaka ta zo, ga zafin Oktoba. Zafin ma ƙaruwa yake yi: a watan Afrilu na 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan ba mu manta da bazarar shekarar ba.

Mutumin da ke aiki da fartanya ko garma cikin irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ta zufa a cikin awa ɗaya, wani ma fiye. To, ku yi lissafi. Ya fita da sassafe, ya tashi da azahar, awa biyar ko shida. Goran da ya rataya bai ci lita biyu ba, shi da ɗansa za su sha. Jiki kuwa ba ya wasa da ruwansa. Da ya ga ruwa na ƙarewa, sai ya umarci ƙoda ta rage fitsari. Shi ya sa manomi zai wuni bai yi fitsari ba sai sau ɗaya, wanda zai yi ma ja ne wur kamar shayi, yana zafi. Gishirin da ya kamata ya fita cikin lita biyu, sai a matse shi cikin rabin lita. Kwamin albasan nan ke nan.

Ba mu kaɗai ba ne. Daga Sudan da Masar, zuwa Saudiyya, Pakistan da arewacin Indiya, ƙasashen zafi da ƙarancin ruwa, ciwon yana da yawa har likitoci suka ba yankin suna saboda shi. A Italiya, a 1993, an bincika ma'aikatan wata masana'antar gilashi, aka tarar masu aiki a bakin wuta sun fi sauran abokan aikinsu yin tsakuwa fiye da sau uku. Garinsu ɗaya, masana'antarsu ɗaya, zufa ce ta raba su.

Kada kuma a ce hunturu ba shi da laifi. Iskar hunturu busasshiya ce, tana kwashe ruwa daga fata da numfashi, ga shi sanyi yana kashe ƙishirwa. Mutum sai ya kai yamma bai sha kofi biyu ba, yana tsammani lafiya lau yake.

Ruwa nawa?

Wani zai ce, ashe maganin duka ruwa ne? I, mafi yawansa. An kuwa gwada. A birnin Parma na Italiya, likitoci sun ɗauki mutum 199 da suka taɓa yin tsakuwa sau ɗaya, suka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ce su riƙa shan ruwa har fitsarinsu ya wuce lita biyu kowace rana, ba a ba su ko ƙwayar magani ba. Ɗaya kashin aka bar su yadda suka saba. Bayan shekara biyar, a 1996, aka bayyana abin da aka gani: cikin masu shan ruwa, 12 cikin 100 ne suka sake yin tsakuwa, cikin sauran kuwa 27 cikin 100. Tun kafin wannan ma, a shekarun 1960, an yi irin wannan gwaji a hamadar Isra'ila. Aka koya wa mutanen sabon garin Arad yawan shan ruwa tun zuwansu, ba a koya wa na Biyer-sheba ba, daga baya aka tarar tsakuwa ta fi ƙaranci a Arad.

Ku lura da kyau, ba yawan abin da aka sha ake aunawa ba, yawan abin da ya fita ne. Ana so baligi ya fitar da fitsari lita biyu zuwa biyu da rabi a kwana. Ma'aikacin ofis da ke zaune a inuwa zai cim ma haka da lita biyu da rabi ko uku, watau ledar ruwa biyar ko shida. Manomi a bazara ba zai cim ma haka da lita uku ba, gama zufa ta riga ta karɓi nata. Sai ya ɗora abin da ya zubar a kai.

Ba wanda zai tafi gona da ma'auni. Ma'aunin yana jikinka: dubi launin fitsarinka. In ya fito fari-fari, ko da ɗan rawaya kamar karan gero busasshe, ka sha isasshe. In ya yi duhu kamar shayi, kana da bashi. In kuma ka yi awa huɗu ko biyar ba ka ji fitsari ba, kana da bashi ko da ba ka jin ƙishirwa.

Yadda ake sha ma yana da muhimmanci. Ba a jira a dawo gida a kafa kai a randa a shanye kwarya guda. A sha moɗa ɗaya ko biyu kafin a fita. A gona a riƙa kurɓar kamar kofi guda kowane minti 20, ko in an kai ƙarshen kunya biyu ko uku. A sha da abinci, a sha kafin a kwanta, gama da dare ne fitsari ya fi kauri. Tashi sau ɗaya da dare ya fi kwana a gadon asibiti. Masu azumi a lokacin zafi, da mu da maƙwabtanmu da masu yi mana ƙodago, sai su rarraba shansu tun daga buɗe baki har zuwa lokacin kamewa, su kuma mai da aiki mai nauyi da sassafe. Mutum ɗaya ne wannan shawara ba ta shafa ba: wanda likita ya ce ya rage ruwa saboda ciwon zuciya ko gazawar ƙoda. Shi maganar likitansa zai bi.

Ina so in yi wa mata magana musamman. A yawon da nake yi ƙauyuka na lura mata da yawa suna ƙin shan ruwa da gangan ranar kasuwa, ko ranar tafiya, ko ranar aiki a gonar da ba wurin kewayawa, don kunya. Sa'an nan su riƙe fitsari har yamma. Wannan yana jawo ciwon mafitsara, ciwon mafitsara da ba a yi maganinsa sosai ba kuwa yana iya gina babbar tsakuwa. Zana biyu da itace huɗu a gefen gonar ƙungiya sun isa su raba mu da wannan.

Aikin ƙungiya ne

Na sha faɗa wa manoma su sha ruwa, su ce, "Malam, ina ruwan yake?" Gaskiyarsu. Gonar wani tana da nisan kilomita uku ko huɗu daga rijiya, ba zai ɗauki fartanya da abinci da jarka a ka ba. Saboda haka ni a ganina wannan ba shawarar mutum ɗaya ba ce, ta ƙungiya ce. In za mu yi gayya ta mutum goma, awa biyar, lissafin zufarsu lita 50 ne, watau jarka biyu cif. Yadda ake sa wanda zai kawo fura, haka za a sa wanda zai kai ruwa da jaki ko amalanke, a ajiye a inuwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Tulun ƙasa ya fi roba sanyaya ruwa, mutane kuwa sun fi shan ruwa mai sanyi. Shugaban gayya shi zai riƙa tsai da aiki a sha, domin samari ba sa son a ga su ne suka fara zuwa wajen tulu.

Ruwan kuma ya zama mai tsabta, na famfon burtsatse ko rijiya mai murfi, in ba haka ba a tafasa. Kada garin gudun tsakuwa mu sha ruwan kududdufi mu kwaso amai da gudawa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta ruwan sha ba ce.

Abubuwan da ake ɗora wa laifi a banza

Akan ce tsakuwar da ke cikin wake ko shinkafa ce ke gangarawa ƙoda. Ba haka ba ne. Abin da aka haɗiye hanji yake bi, ya fita ta bayan gida. Ba wata ƙofa daga hanji zuwa ƙoda sai ta cikin jini, dutse kuwa ba ya shiga jini. A tsince wake domin haƙori.

Akan kuma zargi ruwan rijiya. Lalle ƙasarmu tana da farar ƙasa, da ita ake yin siminti a Kalambaina, kuma a waɗansu wurare ruwa yakan bar fari a gindin butar shayi. Amma binciken da aka yi a ƙasashe da dama bai nuna irin wannan ruwa shi ne babban mai laifi ba. Ƙarancin shan ruwa ya fi irin ruwan haɗari nesa ba kusa ba. Wanda ya rage shan ruwan rijiyarsa don tsoron tsakuwa, ya gudu ne ya faɗa wa abin da yake tsoro.

Abinci

Bayan ruwa sai gishiri. Duk lokacin da ƙoda ke fitar da gishirin da ya yi wa jiki yawa, takan ja kalsiyam ya bi shi cikin fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, watau ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk wanda ke cikin abinci. Mu kuwa miya ɗaya sai a sa gishiri, a sa magi uku ko huɗu, a jefa kanwa, sa'an nan a barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Dunƙulen magi, babban rabonsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Ina roƙon iyayenmu mata su riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, su ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe yakan saba. Wannan zai kuma taimaki masu hawan jini. Wani zai ce ai mai zufa yana zubar da gishiri. Haka ne, amma abin da ke cikin tuwo da miyarmu ya isa ya mayar.

Ga wani abin mamaki. Tun da tsakuwa ta kalsiyam ce, dā can likitoci kan hana masu ita shan nono da madara. Yanzu an gane kuskure ne. In kalsiyam na cikin abinci, yakan kama oksalet tun a hanji, su fita tare ta bayan gida. In babu shi, oksalet ya shige jini, ya sauka ƙoda. Likitocin Parma ɗin nan sun gwada wannan ma da maza 120, suka bayyana a 2002. Cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, 23 sun sake yin tsakuwa. Cikin 60 da aka bar su suna samun kalsiyam yadda ya kamata, aka rage musu gishiri da nama, 12 ne kawai. Saboda haka fura da nono ba abokan gaba ba ne. Mu da ke zaune da Fulani maƙwabta, muna da abin da wasu ke nema da kuɗi.

Oksalet yana da yawa cikin alayyafo da gyaɗa da baƙin shayi mai kauri. Mai lafiya ba a ce ya bar su ba, abinci ne masu gina jiki. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ne zai rage, in zai ci kuma ya haɗa da nono a lokaci guda. In an tafasa alayyafo aka zubar da ruwan farko, wani kashi na oksalet yakan bi ruwan. Samarin da ke zaman shayi, ƙaramin kofi mai ɗaci da sukari, su sani wannan bai maye gurbin ruwa ba. Lemon kwalba mai zaƙi kuwa ƙara haɗarin yake yi.

Nama ba shi ne damuwar yawancinmu ba, ba mu cika samu ba. Amma mai hali da ke cin tsire da kayan ciki kullum, ga ƙiba, ga ciwon sukari, shi ne tsakuwar yurik asid ta fi nema. Lemon tsami kuwa aboki ne. Akwai sinadari cikinsa da ke hana ƙwayoyin gishirin nan mannewa da juna. A matsa ɗaya ko biyu cikin ruwan sha, ba tare da sukari ba. Taimako ne, ba ya narkar da tsakuwar da ta riga ta ƙullu.

Yara ma suna yi, amma nasu galibi a mafitsara ne. Yakan sami yaron da aka yaye da kunu zalla, babu nono, ga yawan gudawa da ke busar da jiki. In kun ga yaro yana kuka in zai yi fitsari, yana jan gabansa, fitsarin yana tsayawa yana dawowa, ku kai shi a duba.

Tsakuwa ce ko tsargiya?

Alamar tsakuwa ita ce ciwo mai tsanani a kwiɓi ɗaya, yana zuwa yana lafawa, yana gangarowa mara har zuwa gaba, sau da yawa da tashin zuciya da jini cikin fitsari. Amma mu da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari da fadamu da tafkuna, muna da wani mai kawo fitsarin jini, watau tsargiya. Ita tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin ruwa, ta shiga ta fatar mai wanka ko mai ban ruwa ko masunci. Jininta yakan zo a ƙarshen fitsari, galibi ba tare da mugun ciwon kwiɓi ba. Kada a ce ai al'ada ce ga yara maza. In ta daɗe tana ɓata mafitsara da bututun fitsari, fitsari ya riƙa tsayawa, inda fitsari ya tsaya kuwa tsakuwa takan samu wurin zama. Maganinta ƙwaya ce da ake kira firazikwantel, ana ba da ita gwargwadon nauyi ko tsawon mutum. Haka dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar, yana ɗiga, shi ma ya je a duba shi, gama ragowar da ke kwana cikin mafitsara tana iya zama tsakuwa.

Ba mai iya rarrabe waɗannan da ido. Sai an auna fitsari, an kuma ɗauki hoton ciki.

In ciwon ya zo

Ƙaramar tsakuwa, wadda ba ta kai milimita 5 ba, watau kamar ƙwayar dawa, yawanci takan fita da kanta cikin 'yan kwanaki ko makonni, da taimakon maganin ciwo. Wadda ta wuce milimita 10 da wuya ta fita sai likita ya sa hannu. Mai ciwo ya riƙa yin fitsari cikin gwangwani ko ta kan farin ƙyalle, in ta fito ya adana ta ya nuna wa likita, gama sanin irinta shi ke nuna abin da zai kiyaye.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi da rawar ɗari yana nufin ƙwayoyin cuta sun taru a bayan toshewar, suna iya shiga jini su kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka in fitsari ya ɗauke ɗungum, ko amai ya hana ruwa zama, ko mai ciwon mace ce mai juna biyu. A nemi mota a lokacin, ko da tsakar dare ne. A fara da asibitin gwamnati mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da likitocin hanyar fitsari. Ba kowace tsakuwa ce ake tsaga mutum dominta ba. Tun 1980, a birnin Munik na Jamus, aka fara farfasa ta daga waje da na'ura, akwai kuma siririn madubi da ake zurawa ta hanyar fitsari a ciro ta ko a fasa ta. Likita ne zai faɗi wanda ya dace da inda ake yinsa. Ga ƙungiyoyin da ke da asusun taimakon juna, irin wannan rana ce ranarsa.

Wani haɗari kuma, ciwo ya lafa, mutum ya ce ya warke, alhali tsakuwar tana nan ta toshe hanya. Ƙodar da ta yi makonni a toshe tana iya lalacewa shiru, ba ta kuwa dawowa. In ba ka ga tsakuwar ta fito ba, koma a sake hoto.

Ku yi hankali da ƙwayoyin kashe ciwon jiki da ake saye a tire a kasuwa, irin su diklofenak da ibufurofen. Likita yakan ba da su don wannan ciwo, na 'yan kwanaki. Amma manomin da ke haɗiyarsu kowace safiya don ya iya aiki, cikin rana, ba ruwa a jiki, yana ƙona ƙodarsa ne. Haka jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika wai suna narkar da tsakuwa a kwana uku. Tsakuwar kalsiyam ba ta narkewa da abin sha. Ta yurik asid ce kaɗai ake iya narkarwa da magani, shi ma sai likita ya tabbatar ita ce.

Ragon turke ma yana yi

Masu kiwon turke a cikinmu sun san wannan ciwo ko da ba su san sunansa ba. Rago ya yi ƙiba, kasuwa ta kusa, sai a ga yana ta yunƙurin fitsari, yana ɗiga ko ba ya fita sam, yana kuka, yana cizon haƙora, ya ƙi abinci. Bayan kwana biyu ko uku ciki ko mara ta kumbura, mafitsara ta fashe, sai wuƙa. Tsakuwa ce ta toshe shi. Maza ta fi kamawa, raguna da bunsuru, musamman waɗanda aka dandaƙe tun suna ƙanana, domin hanyar fitsarinsu doguwa ce siririya.

Abin da ke kawo ta ga dabba shi ne dusa da hatsi da yawa, ciyawa kaɗan, ruwa sau ɗaya a rana. Dusa tana da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan. Harawar wake da ta gyaɗa su ke daidaita ta, saboda haka kada a turke rago a kan dusa zalla. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa wuni duka, a riƙa sakewa, gama tumaki ba sa son ruwan da ya yi ɗumi ko datti. A nan kuma dabba ta sha bamban da mai ita: ɗan gishirin lasa yana da amfani gare ta, domin yana sa ta ƙara shan ruwa. In kun ga rago ya fara yunƙuri, ku kira malamin dabbobi a ranar. In an zo da wuri, sau da yawa ɗan tsinin da ke bakin gaban ragon ne tsakuwar ta maƙale a ciki, yakan yanke shi fitsari ya zubo, sa'an nan ya ba da maganin da za a riƙa sa masa cikin abinci.